Fitilar Kashi na Tara

Jibiya,
Litinin, 7 ga Mayu, 1979.

Zuwa ga Yayata Salmatu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki Malam Ahmadu, da 'ya'yana Luba da Fatimatu. Yaya zafin Kaduna? Namu nan sai addu'a. Ranar Juma'a na biya Daddara na gaida Inna. Ƙafar ta yi sauƙi, ta ce ki dakata da aiko maganin shafawa, kwalba uku ke nan ba ta buɗe ba.

Wasiƙarki ta iso. Kin ce Malam Ahmadu ya sayo bidiyo, amma hankalinki bai kwanta da kaset ɗin da yake kawowa ba, daga na rawa sai na doke-doke, kuma tunda ina aikin duba kaya a bakin iyaka, in gaya miki wanda ya dace da yara. Yaya, wata huɗu da kwana biyar ke nan da na kama aiki, ba a ma tabbatar da ni ba, har yanzu a gwaji nake. Ba zan ba ki shawara a kan abin da ban tantance ba. Iri ɗaya na taɓa gani na yara, shi ma jiya ne, kuma ban yarda da shi ba.

Ga yadda aka yi. Jiya ranar kasuwa wani ɗan kasuwar Maraɗi, Alhaji Ɗantala, ya shigo da akwati ɗaya na kaset goma sha takwas. A takardar bayanin kaya ya rubuta cewa zane ne mai motsi, na ƙasar Japan, mai launi, don yara. Shugabanmu Malam Mahmudu ya ce in duba. Shi ya kawo bidiyonsa da talabijin ɗinsa daga gida, aka tada janareta, na sa na farko.

Zane ne kam, ban musa ba. Amma babu launi ko ɗigo, fari da baƙi ne. Na sa na biyu, na sa na bakwai, duk haka. Na cire na sa wani kaset na Malam Mahmudu don in gwada talabijin ɗin, launi ya fito tas. Ke nan laifin ba na talabijin ba ne.

Sannan ki duba wannan. Rubutun da ke fitowa na Japan ne. Mutanen ciki suna rusuna wa juna, suna cin abinci da tsinke biyu, amma Faransanci ke fita bakinsu. Idanunsu manya-manya kamar faranti, ban kuwa taɓa jin an ce mutanen Japan haka suke ba. Ƙasa biyu a kaset ɗaya, ga takarda ta faɗi abin da ba haka ba. Ruwa ba ya tsami banza. An gaya mana a wurin horo cewa akan ɓoye fim na batsa a bayan na kirki, a sa minti goma na farko su zama tsaf.

Na riƙe akwatin. Alhajin ya rantse da Allah masu launi ne, har ya ce ko ciwon ido nake yi. Zan kalle su duka, minti bayan minti. Kafin nan kada ki sayi irinsu.

Ki gaida yara. Ki sa ni a addu'a.

Ƙanenki,
Kalilu.

Jibiya,
Juma'a, 18 ga Mayu, 1979.

Yaya Salmatu,

Sallama irin ta addinin Musulunci. Ina fata kowa lafiya, Fatimatu kuma ta warke daga murar da kika ambata.

Na gama kallon kaset ɗin jiya. Awa talatin da shida, a kwana tara, awa huɗu kowace rana, da agogo a gabana da littafi. Abokan aiki sun sa mini suna Malam Digiri Mai Kallon 'Yar Tsana. Baba Tanimu, dattijon da ke kula da sito, kullum ya wuce taga sai ya tambaye ni ko an kama ɓarawon a cikin zanen. Na ƙyale su.

Gaskiya ita ce ban ga batsa ba, ko ta daƙiƙa ɗaya. Amma na ga wasu abubuwa. Labari uku ne a ciki, kowanne an yanka shi kashi-kashi, kowane kashi minti ashirin da huɗu, biyar a kowane kaset. Daidai inda labari ya ɗauki zafi sai ya tsaya cak, a yi waƙa, hoto ya ɗauke ya koma ɗigo-ɗigo, wani lokaci daƙiƙa goma sha ɗaya, wani lokaci har arba'in. Wane mai ba da labari ne zai yanke a tsakiyar magana sau casa'in? Na ce a raina wani abu aka goge a wuraren nan, ko aka rufe. A kaset na goma sha huɗu ma fuskar wata Baturiya ta fito na daƙiƙa biyu, ta buɗe baki za ta yi magana, ta ɓace.

Labarin da ya fi damuna shi ne na wata yarinya da kakanta. Suna zaune a wata hasumiya a bakin teku, aikinsu kunna fitila don jiragen ruwa. Idon tsohon ya fara lalacewa, yarinyar tana ɓoye wa mutanen gari. Ita ke zura masa zare a allura, ita ke taɓa masa hannu in baƙo ya shigo don ya san inda zai juya. Ko da ɗan Faransancina na sakandare na bi wannan. Amma a kashi na tara, ana iska, jirgi na tahowa, tsohon ya kunna fitila kamar kullum. Sai yarinyar ta ƙwala ihu, ta hau matakala da gudu har ta fasa gwiwa, ta kashe fitilar, ta kunna wata da ke kusa da ita. Yaya, fitilun nan iri ɗaya ne, girma ɗaya, haske ɗaya. Na mayar da wurin baya sau huɗu. Babu dalilin ihun nan. Labarin da ba shi da ma'ana a daidai tsakiyarsa, ai ba don labarin aka yi shi ba.

Yau da safe na miƙa rahoto mai shafi bakwai. Na ce bayanin kaya ƙarya ne, akwai alamar an taɓa kaset ɗin, na ba da shawara a ƙone su. Malam Mahmudu ya tambaye ni sau biyu ko na tabbata, na ce na tabbata, ya sa hannu. An tsayar da Juma'a 8 ga Yuni. Za a kuma sa sunan Alhaji Ɗantala cikin masu bayanin ƙarya, daga nan duk kayan da ya kawo sai an sauke su ƙasa an zazzage.

Na yi aikina. Ban san me ya sa abinci bai yi mini daɗi ba yau.

A gaida Malam Ahmadu.

Naki,
Kalilu.

Jibiya,
Litinin, 28 ga Mayu, 1979.

Yayata,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku duka. Na samu amsarki. Kin ce ga mutumin da bai yarda da fim ba, na cika miki rabin shafi da labarin yarinya da kakanta, kuma Luba ta ji kina karantawa, yanzu ta hana ki sakat da tambayar ko jirgin ya tsira. Ki ce mata ya tsira. Kin kuma tuna mini da maganar Baba, Allah ya jiƙansa, cewa zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya. Ni ba zato na yi ba, Yaya, awo na yi.

Alhaji Ɗantala bai yi abin da na yi tsammani ba. Na ɗauka zai aiko mini da wani abu a ɓoye, har na shirya yadda zan mayar. Bai aiko ba. Kwana shida ke nan yana zuwa da hantsi, ya shimfiɗa buzunsa a gindin bishiyar bedin da ke gaban ofis, ya zauna har azahar. In na fito sai ya gaishe ni da ladabi, ya ce yaya idon. Maganarsa ɗaya ce: shekara ashirin da biyu yana bin hanyar nan, daga duwan, wato kwastan na Nijar, har mu babu wanda ya taɓa kiransa maƙaryaci, ba zai fara amsa sunan a hannun yaron da aka haifa bayan ya sayi motarsa ta farko ba. Wannan ba daidai ba ne, na girmi motar da shekara biyu, amma ban gyara masa ba. Ya ce in zo Maraɗi da kaset ɗaya, wanda na ga dama, in gani da idona.

Kin ga tarkon? In na bi shi, a ce an gan ni a motar mai kaya. Ko a can a musanya kaset ɗin da wani. Ko a ajiye mini abinci da lemo, wani ya ɗauki hoto. Na ƙi.

Sai dai Baba Tanimu ya ce mini wani abu ranar Asabar. Ya ce shi bai yi karatu ba, amma ya ga maƙaryata da yawa a sito, kuma maƙaryaci ba ya roƙon a ƙara duba kayansa. Tun ranar nake juya maganar. Na rubuta takardar neman izinin zuwa Maraɗi, ban miƙa ba tukuna.

Ki gaida kowa.

Kalilu.

Jibiya,
Lahadi, 3 ga Yuni, 1979.

Yaya Salmatu,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya. Ni jikina lafiya lau, sauran kuma za ki ji.

Na je Maraɗi jiya. Na nemi izini a rubuce, aka ba ni. Na ɗauki kaset na biyu, wanda kashi na tara ke cikinsa, na sa hannu a jikinsa wuri uku, na naɗe shi a takarda na buga hatimi. Na tafi da Baba Tanimu a matsayin shaida, a motar haya, ba ta Alhaji ba. Ko ruwa ban sha a garin ba, da gorata na je. Na kuma ƙi gidan Alhajin, na ce a shagon wani za a gwada, ni zan zaɓa. Muka bi layin masu gyaran rediyo na nuna na huɗu, don kawai shi ne bai ɗago ya dube mu ba.

Ni na fasa hatimin, ni na sa kaset ɗin da hannuna.

Yaya, tekun shuɗi ne. Rigar yarinyar rawaya ce, wadda na kwana tara ina ganinta toka-toka. Na ce a wuce zuwa kashi na tara. Fitilar da tsohon ya kunna koriya ce, wato jirgi ya shigo, hanya lafiya. Wadda yarinyar ta kunna ja ce, wato a tsaya, akwai hatsari. Tsohon bai ƙara iya bambanta su ba, kuma a ranar ne ta gane abin da take ɓoyewa zai iya kashe mutane. Wannan ne ihun. Ni kuwa na rubuta a shafi na biyar cewa ba shi da dalili.

Mai gyaran ya yi mini bayani, na sa ya maimaita na rubuta. Ashe yadda talabijin ɗin Faransa da na Nijar ke ɗaukar launi daban yake da namu na Nijeriya. Kaset ɗin da aka ɗauka a tsarinsu, in an sa shi a bidiyonmu, hoto zai fito, murya za ta fito, launi ne kawai ba zai fito ba. Ya ce duk yaron shagonsa ya san haka. Yankewar kuwa al'adar irin labaran ce, a talabijin ake nuna su kashi ɗaya kowane mako, a tsaya a wuri mai zafi don a dawo. Alhajin ya ce wani ɗan'uwansa da ke karatu a Faransa ne ke ɗauka, ɗigo-ɗigon nan inda ya tsayar ne ya sake kunnawa. Baturiyar ma mai sanar da shiri na gaba ce, bai kashe da wuri ba. Muryoyin Faransanci kuwa a can Faransa aka ɗora su.

Alhaji Ɗantala yana tsaye kusa da mu. Ya juya ga Baba Tanimu ya ce masa, ashe idon ya warke.

Yanzu ga inda nake. Saura kwana biyar. Baba Tanimu ya ce shi ba zai kai magana ba sai an tambaye shi, rahotona ne, ni zan san yadda zan yi da shi. In na yi shiru, Juma'a za a ƙone, magana ta mutu, takarduna su zauna fes. In na janye, dole in rubuta da hannuna cewa na yi kuskure, na kuma sa shugabana ya sa hannu a kan kuskure, ina cikin gwaji. Kin san yadda Inna ta yi ta gaya wa mutanen Daddara ɗanta ya gama jami'a ya samu aikin gwamnati. A hanyar dawowa har na kama kaina ina neman hujja, wai ai a Nijeriya za a kalle su, a nan kuwa fari da baƙi ne, ke nan ban yi ƙarya ba. Hujjar ta tsaya da ƙafarta har muka wuce Magama. Daga nan ta faɗi.

Kada ki gaya wa Inna komai tukuna.

Ƙanenki,
Kalilu.

Jibiya,
Asabar, 9 ga Yuni, 1979.

Zuwa ga Yayata Salmatu,

Gaisuwa da fatan alheri gare ki da iyali duka. An yi mana ruwan farko ranar Laraba, mai yawa, mutane sun fita shuka. Allah ya sa damina mai albarka ce.

Ranar Litinin ƙarfe takwas da minti goma na miƙa takardar janyewa. Shafi ɗaya ce. Malam Mahmudu ya karanta, ya ɗauko tsohon rahoton ya auna su a tafin hannu biyu, ya ce ƙaramar ta fi nauyi, amma hakan ba zai hana shi yin aikinsa ba. Ya ba ni takardar gargaɗi, ta shiga fayil ɗina, an ƙara mini wata shida a gwaji. Sannan ya ce tunda ni na riƙe akwatin, ni zan mayar. Na ɗauke shi a kai daga sito har gindin bedi, a gaban kowa, ranar da motoci suka fi yawa. Na ba Alhaji Ɗantala haƙuri da babbar murya don waɗanda suka ji an kira shi maƙaryaci su ji wannan ma. Ya ƙirga kaset ɗinsa ɗaya bayan ɗaya, goma sha takwas, ya ce shi ma yanzu ya koyi bincike. Ba a sa sunansa a ko'ina ba. Jiya Juma'a ba a ƙona komai ba.

Na gaya wa Inna da bakina. Ta tambaya ko an kore ni, na ce a'a. Ta tambaya ko mutumin ya samu kayansa, na ce e. Ta ce to in ci tuwo.

Yanzu zan iya amsa tambayarki ta wata guda da ya wuce, don babu wanda ya kalli kaset ɗin nan kamar ni.

Ki fara musu da na tsoho mai sayar da taliya a keke, kaset huɗu ne. Wani hankaka ke binsa kullum yana masa sata, shi kuma yana ƙirƙiro dabarun kama shi, duk su ƙare a kansa. Kowane kashi da labarinsa, ba a bukatar Faransanci, Fatimatu ma za ta gane. Da shi za su saba da manyan idanun, ke ma haka. Bayan kwana biyu ba za ki ƙara lura da su ba.

Na 'yan'uwa uku masu tuƙa ƙaton kunkurun ƙarfe, suna tono mutane in ƙasa ta girgiza, kaset takwas ne. Babu abin kunya a ciki, amma akwai ƙara da rushe-rushe, kuma a kashi na ashirin da biyu wani ya mutu ba a dawo da shi ba. Ki bar shi sai sun ƙara girma, ko ki zauna tare da su.

Na yarinya da kakanta, kaset shida, shi ne wanda nake so ki gani ke kanki, ba yara kaɗai ba. Kada ki tsallake, kada ki fara daga tsakiya, kuma kashi ɗaya a rana ya isa. In ya tsaya a wuri mai zafi, ba lalacewa ya yi ba, haka aka yi shi. Ba zan gaya miki ƙarshensa ba, sai dai ki ajiye hankici kusa.

Alhajin zai ajiye su a shagon ƙanensa a Katsina, kusa da tasha. Ya so ya ba ni na fitilar kyauta in aiko miki, na ƙi, ya yi dariya ya ce da na karɓa da shi ne zai fara zargina. In Malam Ahmadu ya zo Katsina ya saya kamar kowa, kada ya ambaci sunana.

Abu na ƙarshe, kuma shi ya fi muhimmanci. Bidiyonku irin na Malam Mahmudu ne, don haka fari da baƙi za ku gani. Kada ki ce an cuce ku. Taliya da hankaka ba su damu da launi ba. Amma in kun kai kashi na tara, minti na goma sha bakwai, ki tsayar da kaset ɗin, ki kira Luba kusa da talabijin ki nuna mata da yatsa. Fitilar dama, wadda tsohon ya kunna, koriya ce. Ta hagu ja ce. Ki ce mata kawunta ya je har Maraɗi ya gano.

Ki gaida Malam Ahmadu, ki shafa mini kan yara. Allah ya bar zumunci.

Ƙanenki mai ƙaunarki,
Kalilu.